Ɓerayen Masar a Ɗakin Takaba

Ranar da Kadiri Kuku ya shigo Moshi Zongo ɗauke da keji a ka, sai da unguwa ta girgiza. Baturen da yake yi wa girki a barikin Tamale ya gama aiki zai koma ƙasarsu, ya raba kayansa. Wani ya samu kujera, wani ya samu tsohuwar hular rana, Kadiri kuwa aka ba shi dabbobin uwargidan Bature. Yara suka biyo shi tun daga bakin kasuwa suna tsalle. Mata suka jingine taɓare suka fito da gari a hannu.

Ya sauke kejin a tsakar gida, ya yaye buhun da ya rufe shi a hankali, kamar mai buɗe fuskar amarya. Ga su nan su huɗu, dunƙule-dunƙule, fari da ja da baƙi, ba wutsiya, suna motsa hanci suna fito, kwii, kwii.

"Ɓeraye ne!" in ji wata maƙwabciya.

"Ɓera a gidanku," in ji Kadiri. "Kin taɓa ganin ɓera ba wutsiya? Ɓeran Masar ke nan. Wannan da kike gani a faranti yake cin abinci. Ya fi mijinki sanin Turawa."

Aka kwashe da dariya. Nan take aka raɗa musu suna. Babban namijin mai kumatu ya zama Gwamna, matan uku suka zama Misisi da Nas da Amarya. Azeta matar Kadiri ta rangaɗa guɗa har sau uku, ba don kowa ya ce ta yi ba.

Ana cikin haka wani tsoho ya ce, "To, Tankas fa?"

Tankas shi ne Seidu, ma'aikacin duba-gari, wani dogon Badagombe mai gajeren wandon kaki. Kowace Talata yakan zaga gida-gida da ludayi, ya leƙa randa ko da tsutsar sauro, ya duba gindin bango ko da ramin ɓera. A shekarar ma an yi shela cewa ɓera na kawo annoba, gidan da aka same shi sai sammaci. Kadiri ya hango kansa a gaban kotu, ya hango an jefa Gwamna cikin buhu.

Azeta ce ta samo dabara. Ta nuna ɗakin ƙurya da haɓa, ta ce, "Ɗakin Yaya. Ko Tankas ya san takaba."

Yaya ita ce Hawawu, matar Mutari wan Kadiri, wanda ya rasu kwana ashirin da suka wuce. Mace ce ƙaƙƙarfa mai suyar ƙuli-ƙuli, wadda a da ake jin dariyarta daga bakin masallaci. Yanzu tana zaune a ɗaki da farin zane ɗaya, ba kwalli ba turare. A al'adar gidan, mai takaba ba ta fitowa sai alwala da kewayawa, namiji baƙo kuma ba ya ɗaga labulenta, har sai wata huɗu da kwana goma sun cika.

Kadiri ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙanin miji ne, akwai wasa tsakaninsu tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Matata, na kawo miki baƙi daga Ingila. Kin ce kaɗaici ya dame ki."

"Kai dai Kuku ba ka rabo da shirme. Shigo da su mu gani."

Da ta ga Gwamna ya riƙe ganyen ciyawa yana ja da sauri kamar mai ɗinki, sai dariya ta kufce mata, ta farko tun rasuwar Mutari. Ta ɗauke shi ta manna a ƙirji, ta shafa gashinsa a kumatunta. Aka ajiye kejin a ƙasan gadonta, kowa ya ce Allah ya yi wa Azeta basira.

Kwana uku ta fara atishawa. Ba irin wadda ake yi sau ɗaya a ce alhamdulillahi ba. Jere take zuwa, goma, sha biyu, har yaran gida suka mai da ita wasa, suna ƙirgawa daga bayan labule, in ta kai sha biyar su tafa. Ita ma takan yi dariya tana share hanci. Damina ce, kowa ya ce mura.

Mura ba ta tafi ba. Idanunta suka yi ja suna ƙaiƙayi kamar an zuba barkono. Duk inda ƙafar dabbar ta taɓa a damtsenta sai wurin ya tashi ya yi borin jini. Tun da kuma ita ce ke zaune ba aikin yi, aka bar mata sharar keji. Kowace safiya ta jawo shi, ta kwashe ciyawar da fitsari ya jiƙa, ta kankare katakon, ƙura da gashi su tashi cikin ɗan hasken taga. Kafin ta gama sai ƙirjinta ya ɗaure kamar an ja masa igiya.

A mako na biyar ƙirjin ya fara fito. Siriri ne, yana fita tare da numfashi, kwii.

Talatar makon Seidu Tankas ya zo. Ya yi gaisuwar Dagomba, "Dasiba," aka amsa masa "Naa." Ya leƙa randuna, ya zaga bayan madafa. Yana gab da fita sai Azeta ta yar da damin ciyawa bisa kuskure. Dabbobin sun san wannan ƙarar. Gaba ɗaya suka ɗauki fito daga ɗakin ƙurya.

Seidu ya tsaya. Ya ce da irin Hausarsa, "Mene ne wannan yana kuka?"

Azeta ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Wayyo, Massa, Yaya ce. Mai takaba. Ƙirjinta ne. Tun da mijinta ya rasu haka take."

A daidai lokacin tari ya sarƙe Hawawu, ya sake ta da dogon fito. Seidu ya cire hula. "Sannu, Mma. Allah ya ba ka lafiya. Ku kai shi asibiti."

Yana fita gida ya fashe. Azeta ta faɗi a kan tabarma tana riƙe da ciki. Da Kadiri ya dawo aka maimaita masa, ya sa aka sake maimaitawa, shi ya zama Tankas da ludayin miya, Azeta ta zama Azeta. Ya zo bakin labule hawaye na zuba masa don dariya.

"Matata, ashe ke ce sojan gidan nan! Wallahi ko Gwamna bai kai ki iya fito ba."

Hawawu ta so ta yi dariyar, amma dariya na bukatar iska. Ta yi murmushi kawai, ta dafa bango.

Ba a daɗe ba Misisi ta haihu, Nas ta biyo, Amarya ta rufe. 'Ya'yan suka fito da gashinsu da idanunsu a buɗe, ranar ma suka fara gudu, abin da ya sa tsofaffin unguwa kabbara. Kadiri ya ce sai an yi suna. Aka dama koko, aka soya ƙosai, aka rufe ƙofar gida aka sa mai tsaro saboda Tankas. Mata suka cika ɗakin takaba maƙil, ana miƙa jarirai hannu-hannu, ana yi wa Hawawu barka wai ta yi jikoki. Wata ta ɗora mata uku a cinya. Keji ɗaya ya zama biyu.

Cikin masu zuwa sunan akwai Adijatu mai koko, ƙawar Hawawu tun suna 'yan mata. Ita ba ta dubi jarirai ba, ƙawarta ta duba. Ta ga kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi, ta ga ramin wuyanta na lotsawa. Da mutane suka watse ta kama hannunta ta ce, "Taso ki yi alwala."

Suka fita bayan gida, gindin bishiyar darbejiya. Adijatu ta ja lokaci da gangan, ta ce buta ta zube, ta koma ta ɗebo wani ruwan. Suna nan tsaye har fiton ya yi ƙasa, Hawawu ta ja iska har cikinta ya ɗaga.

"Kin ji?" in ji Adijatu.

"Na ji. Kullum haka ne. In na fito sai ya sake ni, in na koma ya kama."

"To ba mura ba ce, ƙawa. Kawuna a Yendi haka yake da doki. Mutum lafiyayye, amma in ya shiga barga sai a fito da shi a kwance. Wani jikin ba ya shiri da wata dabbar, shi ke nan. Waɗannan abubuwan ne ke cin ƙirjinki. A fitar da su."

Washegari da hantsi Hawawu ta sa aka kira mata Kadiri. Ta yi masa magana a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. Ta ce ba ta ƙi dabbobinsa ba, amma a nema musu wani wuri.

Kadiri ya yi dariya, ya ɗauka wasan da suka saba ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai ya gyara tsayuwa.

"Haba Yaya. Uwargidan Bature fa a ɗakin kwananta take ajiye su, Baturiya guda, ko tari ban taɓa ji ta yi ba. Ni ina ɗaukarsu, Azeta na ɗauka, yara na ɗauka. Duk gidan nan ke kaɗai za su zaɓa? Tunanin marigayi ne. Ki rage tunani."

"In na fita waje... yana sauƙi."

"To ai shi ne tunanin! A ɗakin nan kuka zauna da shi."

Ta gwada Azeta, faccalarta. Azeta ta ce, "Yaya, ina za mu kai su? Madafa hayaƙi, ɗakinmu Tankas na shiga, tsakar gida ga kyanwa ga ruwan sama. Babu wuri, wallahi babu. Ki yi haƙuri, kwana nawa ya rage? Bari in dafa miki citta da kanumfari."

An dafa cittar. An kawo rubutu ta sha. An yi mata hayaƙin wani itace da ya kusa kashe ta. Da Adijatu ta ce a kai ta asibiti kamar yadda Tankas ya faɗa, Kadiri ya riƙe baki. Mai takaba a kan titi? Me za a ce da gidansu? Ya ce shi ba zai ci amanar wansa ba. Ya kuma gaya wa matarsa a rage barin mai koko tana shigowa, tana zuga Yaya.

Wata rana kyanwar maƙwabta ta leƙo ta taga. Azeta ta yi ihu, aka kore ta da muciya, Kadiri ya kawo katako ya toshe tagar da ƙusa. Ya ce hakan ma ya fi, sanyi ba zai ƙara shigar wa Yaya ba.

Daga nan kwanakin suka yi nauyi. Hawawu ta daina kwanciya, sai ta jingina da bango ta ɗora hannuwa a gwiwa. Sallah ta koma yi a zaune. Fatiha da take karantawa da numfashi biyu ta zama sai ta tsaya a kowace aya, wani lokacin a tsakiyar aya. Tuwo ya gagare ta, don ba ta iya haɗa tauna da numfashi. Zanen takaba ya yi mata yawa. Ta fara ƙirƙiro dalilin alwala, sau goma a rana, don ta tsaya gindin darbejiya, har Azeta ta ce da ita cikin raha, "Yaya, mutane za su ce mai takabarmu ta fi mai talla yawo."

A tsakar gida kuwa shagali bai tsaya ba. Dabbobi sun kai sha bakwai. Abokan Kadiri masu girki a bariki suna zuwa kallo ranar Lahadi, a fito da Gwamna a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, a sa shi tsere da Amarya, a mayar. Kowace Talata kuma aka saba. In Seidu ya ji fito, ya cire hula ya ce, "Sannu, Mma," gida ya jira ya fita a yi dariya. Ba wanda ya zauna ya ce yana so Hawawu ta ci gaba da ciwo. Amma ba wanda ya rasa sanin cewa ranar da ƙirjinta ya yi shiru, asirin keji ya tonu.

Saura kwana sha ɗaya takaba ta cika, Talata ta zagayo. Da safe Hawawu ta jawo keji za ta share, ƙurar ta tashi, numfashi ya tsaya cak. Ta buɗe baki, ba abin da ya shiga. Ta ga bangon ɗaki yana nisa. Ta rarrafa ta kai hancinta ƙasan ƙofa inda 'yar iska ke shigowa, ta kwanta nan tana zuƙa kamar mai shan ruwa da tsinke. Da ya ɗan sake ta, ta dubi faratanta ta ga sun yi duhu. A nan ta san kwana sha ɗaya sun fi ƙarfinta.

Kadiri bai tafi aiki da wuri ba ranar. Ya ƙwanƙwasa ƙofar yana tauna goro. "Matata, yau Talata fa. Sun yi yawa yanzu, sai ki ƙara mana ƙarfin fiton."

Ta ɗaura zanenta, ta yafa mayafi, ta zauna bakin ƙofa tana tara iska kaɗan-kaɗan.

Ta ji "Dasiba." Ta ji ƙarar ludayi a randa. Ta ji takalmin ya zo daidai ɗakinta, dabbobi suka ɗauki fito, Azeta ta fara, "Wayyo, Massa, Yaya ce..."

Hawawu ta kama labulen ta yaye shi gaba ɗaya.

"Tankas," ta ce. Ta huta. "Shigo."

"Yaya!" in ji Azeta. "Subhanallahi! Takaba!"

Seidu ya sunkuyar da kai, ya ja baya. Amma warin ya riga ya fito ya same shi. Ya toshe hanci ya leƙa. Ya ga taga a toshe, ya ga keji biyu, ya ga idanu talatin da huɗu na kallonsa. Sannan ya dubi matar da ke riƙe da ƙofa, leɓɓanta sun yi toka.

Kadiri ya durƙusa. "Massa, don Allah, ba ɓeraye ba ne, ka duba, ba wutsiya..."

"Na san shi," in ji Seidu. "Akwai shi a gidan fada-fada, limaman cocin mishan, akwai shi a makaranta. Wa ya ce doka ya hana? Ɓeran gida muke nema, mai rami. Wannan ka ajiye ɗari ma, ba ruwana. Amma a waje! Ba ɗakin da mutum yana kwana ba. Me ya sa ba ka tambaya?" Ya juya ga Hawawu. "Mma, tun yaushe?"

"Wata uku... da kwana."

Seidu ya ciro littafinsa ya rubuta sammacin ƙazantar ɗaki. Ya sa aka ɓalle katakon taga a gabansa. Ya ce a shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiya, kada ta koma ciki sai an wanke ɗakin da sabulu ya sha rana, kada kuma ta ƙara taɓa keji. Ya aika aka kira Adijatu ta zauna da ita.

Abin da ya biyo baya, da Hawawu na da iska da ta yi dariya. Sammacin bai dami Kadiri ba. Abin da ya shiga kunnensa ɗaya ne, doka ba ta hana ba. Ya yi tsalle ya rungume ginshiƙin rumfa. Azeta ta yi guɗa. Kafin azahar an samo itace, an samo tsohon kwano na rufi, maƙwabta sun kawo guduma. Kafin la'asar an gama rumfa a gefen madafa, mai ƙafafu saboda kyanwa, mai rufi saboda ruwa, mai waya ta ko'ina don Gwamna ya sha iska. Aka buɗe ƙofar gida, duk Moshi Zongo ta shigo kallo.

Hawawu na jingine da darbejiya, Adijatu na yi mata fifita. Daga nan take hango rumfar. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe akwai wuri," ta ce.

"Akwai," in ji Adijatu. "Sha ruwa."

Da yamma Azeta ta kawo tuwo ta ajiye, ta ce, "Yaya, abin ya zo da alheri, amma gaskiya kin ba mu kunya. Mai takaba ta kira namiji ɗaki? Ai da sai ki gaya mana abin ya yi tsanani haka."

Hawawu ta dube ta, ba ta ɓata iskarta ba.

Adijatu ce ta wanke ɗakin, sau uku, ta ƙone tsohuwar tabarma da matashi. Atishawa ta tsaya cikin mako, idanu suka washe. Ƙirjin dai bai koma yadda yake ba. Wata ukun nan sun bar masa tabo, in hadari ya haɗu ko an yi shara kusa da ita sai ya tashi. Suyar ƙuli-ƙuli kuwa ta ƙare, hayaƙi ya zama abokin gaba.

Ranar da takaba ta cika ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaure kayanta a zane. Kadiri na bakin rumfa yana ba Gwamna ɓawon rogo.

"Matata, ina zuwa kuma da kaya?"

"Gidan Adijatu."

"Sai yaushe?"

"Sai Allah ya yi, Kadiri."

Tun da ta zo gidan ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. Bai lura ba, Amarya ta sake haihuwa.

Har tsufansa Kadiri yakan ba da labarin nan a bakin masallaci, ya kwaikwayi Tankas, ya kwaikwayi fiton, a yi ta dariya. In aka tambaye shi me ya fitar da matar wansa daga gida, sai ya buɗe hannuwa ya ce shi har yau bai sani ba, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya doke ta, ba a taɓa hana ta tuwo ba. Gaskiya ya faɗa. Ba mugu ba ne, Azeta ma ba muguwa ba ce. Mace ce dai ta ce musu ba ta iya numfashi, suka ga abin bai kai a fasa wasa ba.

Daga gidan zuwa wurin Adijatu tafiyar minti biyar ce. Sau uku Hawawu ta tsaya a hanya, ta sauke kaya, ta dafa bango. A tsayawa ta uku ta ja iska, ta ji ta shiga har ƙasa, ta karanta Fatiha a ranta daga farko har ƙarshe, sannan ta ɗauki kayanta ta wuce.